Kar ka sa masa sunan wanda ya mutu

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo min da ɗan kwikwiyo a cikin kwali, wai bayan mayanka ya tsince shi, haƙarƙari duk a waje, kunnuwa cike da kaska. Nashi karen ko sati bai yi da mutuwa ba, ɗan moto, wato mai babur, ne ya take shi wajen unguwar Roumdé Adjia a nan Garwa ta Kamaru. Yace Kawu ka ga na samu madadin Jangwarzo, sunan ma shi zan sa masa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da nayi kenan sak.

Nawa Duna ne sunansa. Shekara 11 muna tare, tun ina haya a Yelwa har Allah yasa na gina nawa. Gadi na kawo shi yi, kuma kafin wani ya taso min da wa'azi, mu nan malikawa ne, wurin Imam Malik kare mai rai ba najasa bane, ni dai ban taɓa shigar da shi ɗaki ba. Amma ƙarar motona ya san ta tun daga kwanar layi, in na dawo dare yana bakin ƙofa. A Afrilu ya mutu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, tsufa da zafi suka haɗu masa. Da hannuna na binne shi, nayi hawaye, ban faɗa wa kowa ba don na san abin da za a ce a majalisa.

Ko kwana goma ba a yi ba naji labarin wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa kudu, ya kwashe kaya ya bar karensa ɗaure a gidan haya, ba ci ba sha. Naje na gani, baƙi ne wul da farin ƙirji kamar Duna, toh nan hankalina ya tafi. Na kwance shi na kawo gida na sa masa Duna. In na kira ba ya ko ɗaga kai, ya za a yi ya ɗaga, ai yana da sunansa da ban taɓa tambaya ba. In na ɗaga hannu sai ya kwanta yana rawar jiki, alamar ya sha duka a baya, ni kuma sai haushi ya kama ni, nace wannan wane irin ragon kare ne, Duna ba haka yake ba. Na ɗaure shi da sarƙa wuni guda. Sau ɗaya na zabga masa igiya. Sau ɗaya ne fa, kuma ni na cece shi, ba don ni ba da ƙishi ya kashe shi a wancan gidan, lokacin ga aiki ga iyali kuma ba wanda ya taɓa gaya min karen da aka wulaƙanta sai an bi shi a hankali. Haka nake faɗa wa kaina har yau, amma raina bai karɓa ba.

Sai ranar da 'yar autata ta kai hannu kwanonsa yana ci, kamar yadda ta saba yi wa Duna, ya cafke ta a yatsa. Ba karne, wato katin allura, ba shaidar ko an taɓa masa allurar hauka, ni da na ɗauko shi ban kai shi wurin likitan dabbobi ba. Wata tsohuwa tace a ƙona gashinsa a shafa, Allah ya taimake mu muka nufi cibiyar lafiya ta Pasteur ta nan Garwa, a can na fara jin cewa ciwon a wanke shi da sabulu da ruwa minti 15 tun kafin a fita gida, kuma haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum shikenan ba magani. Aka fara mata allurai, aka ce a tsare karen a sa masa ido. Ya cika kwanakin lafiyarsa ƙalau, yarinya ta warke.

Duk da haka ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitoa, na sa shi a bayan motar wani abokina muka wuce kasuwa na sauke shi a bakin daji. Ya bi motar da gudu. Ina kallonsa ta madubi. Tun ina yaro na san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa Allah ya gafarta masa, na sani, kuma nayi abin da nayi. Tsoro ne ya sa ni, uban da ya ga jinin 'yarsa zai gane. Amma laifin ba na karen bane, ni na sa ta ɗauka Duna ne.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma ba su da yawa. Kar ka sa masa sunan mamaci, wannan daban ne, halinsa daban, ba ya bin ka bashin komai kai ma ba ka bin sa. Kai shi wurin likitan dabbobi tun satin farko, maganin tsutsa, na kaska, allurar zawon jini mai kashe 'yan kwikwiyo, in ya kai wata uku a yi ta hauka a baka karne ka adana. Yara kar su taɓa shi yana ci. Ku kuma yaran yanzu abin da ke ban haushi da ku, hoto kawai kuke so ku ɗora a status, bayan sati biyu kun gaji, kuɗin data kullum akwai amma na allura sai kuce babu, wasunku ma sai na turawa mai dogon gashi da zafin Garwa zai kashe.

Kuma ka jira kafin ka ɗauko wani. Wata biyu, uku, sai ranar da ka daina jin kamar zai fito ya tare ka a ƙofa. Haka na faɗa wa yaron jiya, sai yace toh Kawu in mayar da shi bayan mayanka kenan? Na leƙa kwalin, abin ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi, in aka mayar ba zai kai Juma'a ba. Nace a'a ajiye shi, kar ka jira komai.

Gobe da safe zan ɗauke su a moto mu je wurin likita, nace ya zo da jaka biyu daga kuɗin datansa sauran ni zan cika. Sunan kuwa har yanzu bai yarda ya canza ba.