TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Hoton dodon Orlando

Jama'a barkanmu da wannan makon. Wancan satin na tsaya a inda na fara tuƙin haya a Orlando, toh yau maganar hoton nan ce da Kawu ya yi ta yawo da shi cikin dangi, amma sai kun gane wajen tukuna.

Duk shekara daga wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har zuwa ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, masu wajen shaƙatawa na Universal suna yin wani bikin tsoro da daddare, Halloween Horror Nights, tun 1991 suka fara, lokacin ma sunansa Fright Nights kuma dare uku kacal aka yi. Fasinja sai ya shigo mota yana ce min haus nawa ka shiga bana, wane sikeya zon ya fi zafi, ni ko sai dai in yi ta gyaɗa kai. Inna Allah ya jiƙanta kullum cewa take rashin sani ya fi dare duhu, wallahi a motar nan na ga gaskiyarta, shi ya sa na biya kuɗina na shiga.

Haus dai gidajen tsoro ne da ake ginawa na kakar kawai, a shekarun nan guda 10 suke yi, kuna shiga a jere bayan wani na gaban hancinka ba tsayawa, wannan jerin shi suke kira konga. Sikeya zon kuma titi ne a fili an cika shi da hayaƙi, dodanni na yawo cikin mutane. Dodannin nan ma'aikata ne masu albashi, sikeyakta ake ce musu, kuma doka ce ba su taɓa ka ba ka taɓa su, ka kai wa ɗaya duka sai waje. Lungun da suke laɓewa su faɗo maka shi ne bu hol. Masu zarton inji ne suka fi ruɗa mutane, sai ka ji warin fetur, ƙarar na bin ka ta ƙeya, na ga wani ƙato ya yar da lemonsa ya bar matarsa a tsaye, alhali an cire wa zarton sarƙa ko takarda ba zai yanka ba. Mai kuɗi ya sayi Express ya rage layi, wanda ya fi shi kuɗi ya yi RIP Tour a ba shi ɗan jagora. Akwai kuma aikon, wato dodon da ake tallar shekarar da fuskarsa, wanda ya fi suna Jack ne, mai shigar wawan sarki, a 2000 ya fara fitowa.

Toh a sikeya zon ɗin nan na ɗauki hoto, wani mai ƙaho da jinin roba a bayana, na sa a Facebook. Shi ke nan. Kawu bai kira ni ba, bai tambayi Yaya ba, sai ya tara mutane ranar sunan ɗan Goggo ya ce yaron nan ya shiga ƙungiyar asiri a Amurka, kuɗin da yake turowa na jini ne. Kuɗin da aka rufa wa ɗakinsa kwano da shi fa! Da ya ce min wannan wasan bai dace da musulmi ba sai in saurare shi, don malaminmu na masallaci ma ya faɗa min haka daga baya kuma na daina zuwa, amma asiri? A kan haka aka fasa maganata da 'yarsa, aka maido da kayan sa rana cikin dare ko sallamar kirki babu. Da Inna na raye da ta maimaita masa maganarta ta duhu a gaban kowa, ita ba ta shakkarsa.

Shekaru sun ja, na yi aure, na bar tuƙi ma gaba ɗaya. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, amma watan jiya autansa ya turo min saƙo wai Baba ya ce in taimaka masa da hanyar biza. Amsar da na ba shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.