Ƙashin Jobar a aljihuna

Da asuba muka bar Agadas zuwa Ingal, cikin wata tsohuwar kat-kat da sai an tura take tashi. Damina ta ja baya, makiyayan da suka zo shan gishiri sun fara watsewa. Ni ƙasusuwan dinoso na zo gani, wato manyan dabbobin zamanin da can da suka ƙare, irin waɗanda na taɓa tsayawa a ƙarƙashinsu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.

Jagoranmu dattijon Buzu ne, rawani ya rufe masa baki. Bayan azahar ya sa direba ya saki hanya, muka shiga daji. A gindin wani jan tudu ya nuna da sanda. Da farko duwatsu na gani, sai da na tsuguna na ga a jere suke, gaɓa bayan gaɓa, gadon bayan wata dabba, kowace gaɓa ta kusa kai ƙaramin turmi. Na tsinci wani guntu. Nauyinsa na dutse ne, amma cikinsa ƙananan ramuka ne kamar soso. Na zura shi a aljihu.

"Ɗana, me ka ɗauka?"

"Tsakuwa ce, Baba."

"Tsakuwar nan sai da takarda."

Gaskiyarsa. Tun 1997 Nijar take da dokar kare kayan tarihi, kuma abin da ke kwance a dajin nan ba na wanda ya tsinta ba ne. Haƙa sai da izinin hukuma daga Yamai, fitarwa waje kuma wani izinin daban. Ko Paul Sereno na Jami'ar Chicago, wanda ayarinsa ya tono wata ƙatuwar dabba a yankin nan a 1997, da takardunsa ya shigo, kuma aro ya tafi da ƙasusuwan. Ya sa mata suna Jobaria, daga Jobar, dodon da Buzaye ke cewa ƙasusuwansa ne.

Raina ya so gardama, don guntun bai fi kwalin ashana ba, hamada kuma ba mai gadi. Dattijon bai ambaci jandarma ba. Ya ce masu bincike sukan zana inda kowane ƙashi yake kafin su taɓa shi, in kowa ya ɗebi nasa sai su tarar da giɓi.

Na fito da shi na ajiye, amma na manta gurbinsa. Ya dube shi jim, ya tura shi da kan sanda kamar taki ɗaya zuwa hagu, ya ce mu tafi kafin rana ta faɗi.