Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Famfon Bayan Kicin

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya mayar da ni makarantar kwana. A shekarar da aka cire Gombe daga jihar Bauchi ne, 1996, ina aji biyu na ƙaramar sakandare.

Muna da darasin Intro Tek, wato share fagen ilimin fasaha, wanda ya zo da tsarin karatu na 6-3-3-4. Zane kawai muke kwafa daga allo: zarto, guduma, filaya. Injunan da aka kawo domin darasin suna nan cikin akwatunansu, ƙura ta rufe su. Har yau abin yana ci mini rai.

Sai aka turo mana sabon malami, wanda ya gama Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke nan Gombe. Ranar farko ko alli bai taɓa ba. Ya tasa mu gaba har gindin famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan kicin.

"Wa ya fara ɗiban ruwa yau da asuba?"

"Ni ne, Malam."

"Sau nawa ka tuƙa kafin ruwa ya zo?"

Na yi shiru.

"To gobe ka ƙirga."

Da asuba sai da na tuƙa sau 46, hannuna na zafi. Da rana kuwa, sau 3 ruwa ya ɓulɓulo. Malam ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce mu nemo dalili, shi kam ba zai faɗa ba. Mako guda muna musu. Wasu suka dage rijiyar ce ta ja baya, tunda kowa ya san nisan ruwa a ƙasar Gombe. Rukuninmu muka samo guntun tiyo, muka cusa masa ƙwallon boris a ƙasa, muka cika shi da ruwa muka rataye. Kafin gari ya waye ya tsiyaye tas. Nan muka gane: bawul ɗin ƙasa, wanda ke tare ruwa a gindin bututun famfon kamar ƙwallon boris ɗinmu, shi ne ke yoyo, ruwan da ke cikin bututu yana sulalewa da dare, dole a sake cika shi kowace safiya.

Malam ya duba tiyon nan ya daɗe, sannan ya ce, "Ranar Asabar za mu zaro bututun mu gani ko gaskiyarku ce."

Ya ɗauko makaniken famfo daga cikin gari da kuɗin aljihunsa. Muna riƙe da bututu na huɗu, maiko har gwiwar hannu, sai ga masinjan shugaban makaranta, wai ana kiran Malam yanzu-yanzu.

Za mu ɗora daga nan mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.