Yadda na gwada rinjayen launi a gadon masara

Gregor Mendel ne ya shigo da maganar hali mai rinjaye, wato halin da ke rufe ɗan'uwansa idan sun haɗu, cikin ilimin gado, a aikinsa na waken Turawa da ya gabatar a birnin Brno a 1865. Kalmar da ya ɗauka tushenta Latin ne, inda take nufin maigida. Da ya barbara rawayan wake da kore, a zuriya ta biyu ya ƙirga ƙwaya 6,022 rawaya da 2,001 koraye, wato kusan uku bisa ɗaya. Na maimaita gwajin da masara, domin ita launin ƙwayarta a shekarar barbarar yake bayyana.

Na shuka fara da rawaya rana ɗaya. Da farar ta fara goyo, tun gemu bai leƙo ba, na rufe goyon da jakar takarda. Leda ba ta yi, tana tara zafi da gumi ta dafa gemun. Furen saman rawayar shi ma na ɗaure shi da takarda tun yamma, na kakkaɓe garinsa da hantsi bayan raɓa ta bushe, na zuba a kan gemun nan take, na mayar da murfin. Garin furen ba ya jure jira, ƙarƙashin rana da wuri yake mutuwa.

Zangarniyar farar ta fito rawaya duka, sai dai launin ya ɗan kwanta, saboda abincin da ke cikin ƙwaya kashi biyu na uwa ne, wato farar, ɗaya na uba, wato rawayar. Da damina ta zagayo na shuka waɗannan, na haɗa kowace da garin kanta. Fara ta dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. A ƙirga zangarniya da yawa, ɗaya tak tana iya yaudarar mutum.

In rabin ƙwayar farko ta fito fara, uban ne dama yake ɗauke da farin a ɓoye. In kuma ƙwaya ta yi giɓi-giɓi, an makara ne ko garin ya mutu.

Abin da nake so manomi ya riƙe: rinjaye ba ya nufin inganci ko yawan amfani, rufe ɗan'uwansa kawai yake yi. Farar ƙwaya ba ta ɓoye rawaya, amma rawaya tana iya ɓoye fara. Mai son tsabtataccen iri ya nisanta gonakin biyu da aƙalla mita 200, ko ya raba shukarsu da mako uku zuwa huɗu.