Laraba a Samaru: Kalmomi 900, Awa Tara

Aikin yau takardar wayar da kai ce a kan ajiyar wake, shafi huɗu, kalmomi 900, wadda wata ƙungiya za ta raba wa manoma a ƙauyukan Giwa da Soba yanzu da ake roron wake. Wa'adi ƙarfe shida na yamma. Rabin kuɗin ya shigo tun makon jiya a matsayin kafin alƙalami, ciko sai an karɓi aiki.

Wuta ta zo bayan sallar asuba, na jona kwamfuta da waya da fawabank gaba ɗaya. Batirin kwamfutar yana kai awa biyu da rabi idan an rage hasken allo kuma an kashe intanet. Idan aka haɗa ta da datar waya, ita da wayar duk suna zuƙewa da wuri. Saboda haka duk abin da ke buƙatar intanet na tara shi wuri guda: na sauke saƙonni, na sauke hotunan da za a sa a takardar, na duba abu biyu da nake kokwanto, na kashe. Ƙarfe takwas saura aka ɗauke wutar.

Daga nan na zauna da muryar da na ɗauka ranar Litinin, hira ta minti 26 da wani dattijon manomi da ya shekara huɗu yana amfani da buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi da ba ya barin iska ta shiga. Kwafe ta a rubuce ya ci mini awa biyu cif. Wanda bai taɓa kwafe hira ba yana zaton minti 26 na magana minti 26 ne na rubutu, alhali ko murya ta fita tas sai an ninka sau huɗu. Wannan kuwa ba ta fita tas ba. Iskar hunturu ta riƙa bugun makirfon, kuma a minti na 11 kira ya shigo ya yanke ɗaukar, jimla biyu suka tafi. Maganin duka biyun ba ya cin ko kwabo: a sa waya a yanayin jirgin sama kafin a fara, a juya wa iska baya, a riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, in iskar ta yi yawa a lulluɓe ƙasan wayar da safa mai tsabta. Wajen kwafewa na rage saurin muryar zuwa kashi uku cikin huɗu, ina rubuta lokaci a gefe duk bayan minti biyu, domin idan edita ta tambayi inda wata magana ta fito in je kanta kai tsaye.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne harshen dattijon. Zazzaganci yake yi tsantsa: "ledan ciki", "wannan dabara ne mai kyau". Daidaitacciyar Hausa za ta ce "ledar ciki", "dabara ce". Inda na ɗauko maganarsa a cikin alamar zance na bar masa ita yadda ya faɗa, don manomin Soba da za a karanta wa takardar zai ji muryar ɗan'uwansa, kuma hakan ya fi duk wata ƙawa da zan yi wa jimlar. Inda ni nake bayani kuwa na bi ƙa'ida. Na rubuta wa editar wannan a saman daftarin, domin idan ba a faɗa ba, mai duba rubutu zai ɗauka kuskure ne ya bi ya goge.

Rubutun kansa bai kai awa uku ba. Matakan a bayyane suke. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi a fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa da duk abin da zai iya huda leda. Buhun hawa uku ne, ledoji biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. Kafin a zuba komai a cika kowace leda da iska a matse bakinta a ga ko tana sacewa. A zuba wake kaɗan a ledar farko don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, a zura su cikin buhun waje, sannan a cika ana girgizawa. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar farko, a lanƙwasa, a ɗaure; a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. A ɗora buhu a kan katako, kada ya jingina da bango, saboda ɓera. Ba a sa magani ko kaɗan: ƙwaron da ke ciki shi ke shaƙe ragowar iskar, in ta ƙare ya mutu. Wahalar ita ce a faɗi wannan cikin gajerun jimloli, aiki ɗaya a kowace jimla, domin mafi yawan waɗanda aka yi takardar dominsu da kunne za su same ta, wani yaro ɗan makaranta yana karantawa. Na karanta daftarin da ƙarfi sau biyu. Duk inda numfashina ya yanke kafin aya, na raba jimlar.

Bayan azahar na hau keke napep zuwa unguwar PZ da ke Zariya wurin mai tsara shafukan, don ya aiko da hoton shafin farko na ga abin da ban so ba. Kan maganar ya fito da akwatuna a gurbin ƙ da ɗ. Dalilin shi ne salon harafin ado da ya zaɓa ba shi da baƙaƙenmu masu ƙugiya. Shi kuma da ya ga akwatunan a cikin shafi na biyu sai ya bi ya mayar da su k da d da b na Turanci, yana ganin ya gyara. Sai umarnin da ya fi kowane muhimmanci a takardar, "a ɗaure bakin kowace leda", ya koma "a daure". "Kada a ajiye a ƙasa" ya koma "a kasa". Na ce masa, "Malam, don Allah mu koma kan fayil ɗin da na turo, kada a sake buga ko harafi ɗaya da hannu." Muka zaɓi Noto Sans, wanda yake da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, muka kwafo rubutun daga tushe. Minti arba'in. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, ya kamata tun farko in haɗa masa da PDF da zai riƙa dubawa, in kuma faɗi sunan salon harafin.

Akwai wata matsalar mai kama da wannan da ke zuwa daga tsofaffin fayiloli. Kafin wayoyi da kwamfutoci su samu baƙaƙen Hausa, an yi amfani da wasu salon haruffa na musamman da ke aron alamomi, to idan aka buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da salon sai ka ga "}asa" da "]aya" da "~ata". Wannan gyaransa da sauƙi, a nemo kowace alama a musanya ta gaba ɗaya, a kula da manya da ƙanana. Amma idan an riga an mayar da ƙ zuwa k babu na'urar da za ta raba "baƙi" da "baki", sai mutum ya bi layi-layi. Abin yana damuna ƙwarai a ce a Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da aka kafa kamfanin Gaskiya da kamfanin wallafa littattafai na NNPC, har yanzu ana fitar da takardun Hausa babu ƙugiya ko ɗaya.

Ina hanyar dawowa, wajen Kwangila, saƙon edita ya shigo. Tana so a ƙara sakin layi biyu a kan masara, a kuma fitar da gajeren sigar da za a karanta a rediyo. Wannan ba gyara ba ne, sabon aiki ne, kuma a nan ne marubuci mai zaman kansa ya fi yin asara, domin ana kawo shi da sunan "ɗan ƙari". Abin da ya taimaka shi ne saƙon da muka yi yarjejeniya da shi yana nan: kalmomi 900, a kan wake kawai, gyara sau biyu, ciko cikin kwana 14 da miƙa aiki. Na amsa mata: "Ranki ya daɗe, gyaran da ya shafi wake zan yi shi yau cikin abin da muka yi magana. Masara da sigar rediyo zan iya kawo su ranar Asabar, ga kuɗinsu daban." Ta ce za ta tuntuɓi mai riƙe da kuɗi. Ba ta ji haushi ba, kuma yawanci ba a ji, muddin an faɗa da ladabi kuma da wuri.

Da a ce fassara ce ma da akwai wani abin lura. Hausa tana ware ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na, da, za a, shi ya sa fassarar takan fi Turancin da aka ɗauko ta yawan kalmomi. Dole a faɗa tun farko da wane za a yi lissafi, na tushe ko na fassara. Mai ba da aiki ya fi son na tushe don ya san abin da zai biya tun kafin a fara, to sai a sa farashin kowace kalma da wannan a zuciya.

Da na lissafa, awa tara na yi a kan takardar nan yau, ƙasa da uku ne na rubutu, ban da zuwa ƙauye ranar Litinin da kuɗin mota da data. Farashin da na yanka na kalmomi ne kawai. Na buɗe takardar da nake tura wa masu ba da aiki na ƙara layi biyu: kuɗin zuwa ɗaukar hira, da kuɗin kwafe murya a kan kowane minti.

Na tura aikin ƙarfe biyar da rabi, fayil na Word da PDF, tare da takardar neman ciko mai ɗauke da kwanan wata da lambar asusu. Akwai wani cikon na aikin watan jiya da ya wuce wa'adi da kwana tara, na tura tunatarwa ta biyu, layi uku, na maƙala takardar farko a jiki. Gobe ƙarfe goma zan koma PZ in ga gwajin bugu a kan takarda kafin su saki sauran, in bi kalmar "ɗaure" a duk wurare biyar da ta fito.