Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Asalin Baturen Kuza

A makon jiya na tsaya a inda kawuna ya miƙa mini tsohuwar takardar da ke ɗauke da cikakken sunan Baturen da ya haifi kakata ta wajen uwa a Bukuru, a zamanin da haƙar kuza ke tashe a ƙasar Jos. A gidanmu ƙasa-ƙasa ake zancensa, kuma an ɗauka ɗan manyan mutane ne a ƙasarsu, domin a wancan lokaci duk mai jar fata da hular hana sallah babba ne a idon talaka.

Sunan ne ya kai ni Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, inda aka daɗe ana haƙar kuza da jan ƙarfe. Da farashin jan ƙarfe ya faɗi a 1866 sai mahaƙan yankin suka watsu cikin duniya neman abinci, wasu Amurka, wasu Afirka ta Kudu, daga baya kuma wasunsu suka biyo kuza har Filato. A ƙidayar jama'a ta 1891 na same shi yana yaro a St Just, wata gundumar coci da ke bakin teku, kuma an rubuta sana'ar ubansa mahaƙi. Wato dai ɗan lebura ne.

Komawa baya daga nan shi ne aikin da ya fi cin rai. Gwamnatin Ingila ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai ranar 1 ga Yuli, 1837. Kafin wannan sai dai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban wazirin sarki, ya ba da umarnin a riƙa ajiyewa tun 1538, a zamanin Sarki Henry na Takwas. Na Cornwall yanzu suna gidan adana tarihi na Kresen Kernow da ke Redruth, kuma a can na zauna ina bin sunaye layi-layi. Aure da jana'iza sun fito, amma baftismar wasu 'ya'yan gidan ta ƙi fitowa, har sai da wata ma'aikaciya ta tuna mini cewa mahaƙan Cornwall da yawa mabiya ɗariƙar Methodist ne, saboda haka a littattafan majami'arsu ya kamata in duba. Ƙidayar 1841 kuwa ba ta da amana wajen shekaru, domin an umarci masu ƙirga su rage shekarun duk wanda ya haura goma sha biyar zuwa biyar-biyar, kuma ba ta faɗin garin haihuwa. Ta 1851 ce ta warware mini wannan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kakar Baturen. A rajistar aurenta babu sa hannu, sai alamar gicciye da ta zana, domin ba ta iya rubutu ba, kuma tana budurwa aikinta fasa duwatsun ma'adini da guduma a bakin rami. Ita kuwa uwar kakata, wadda jikan wannan matar ya zauna da ita a Bukuru, kwanon ƙasa take ɗauka a ka a filin kuza. Ta St Just an rubuta sunanta sau uku, ranar baftisma da ta aure da ta binnewa, amma tamu ko takarda ɗaya ban samu da sunanta ba, sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka.

Saura in san yaushe Baturen ya bar gida. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew tana da jerin fasinjojin jiragen ruwan da suka tashi daga Birtaniya daga 1890 zuwa 1960, har da na kamfanin Elder Dempster masu zuwa Ikko daga Liverpool, kuma abin da na gani a cikinsu shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.