Asabar, ni da Nura da amfilifaya

Yau kam raina bai kwanta ba, kuma abin da ya jawo bai kai ya kawo ba in ka ji shi, amma ga ni har yanzu ina juya shi a zuciya.

Safiya lafiya ƙalau. Na kai Hanif da Ummi Islamiyya, na biya cefane, tumatir ya ɗan sauko alhamdulillahi, attaruhu kuwa yana nan inda yake. Hazo ya dawo sosai, har hanci na kaikayi. Maman Hanif ta tafi suna Gwammaja. Wuta ta zo da asuba ta koma kafin a gama ɗumame.

Wajen sha ɗaya Nura ya kira, muryarsa cike da murna, wai kayansa sun iso daga Chaina, in zo in gani. Kun san tun watannin baya yake maganar LNA ɗin nan, ɗan amfilifayan da ake sawa tsakanin eriya da rediyo don ya ƙara wa sigina ƙarfi, mu da muke sauraron maganar matuƙan jirgin sama, yana ta tara kuɗi yana kallon dala tana hawa. Na yi masa murna wallahi, na ɗauki babur, har na jefa 'yar filtata mai tace siginar tashoshin FM a aljihu don na san unguwarsu.

Ina shiga na tarar da shi ya yi tagumi gaban laftof. RTL-SDR ɗinsa, 'yar na'urar da ke mai da kwamfuta rediyo, na nan a soke, LNA ɗin ya ɗaura shi daf da bayanta a kan tebur, kebul ɗin eriya, irin da ake kira RG-58, ya taso tun daga saman rufi ya zagayo ta taga, zai yi mita ashirin. Allon SDR#, manhajar da ke nuna siginoni, kuwa duk ya cika da layuka masu haske daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a wajen 122 megahaz inda ya kamata a ji matuƙan jirgi, tallar maganin basir ce ke fitowa a dagule, wani waƙa na bin ta a baya. Ya ce kaya ne na bogi aka turo masa, kuma shi ya yanke shawara zai sake odar wani mai ƙarfi ya haɗa su biyu a jere.

Na ce Nura tsaya, kayanka lafiyarsu ƙalau, aikinsu suke yi har ya yi yawa. Na ja shi bakin taga na nuna masa hasumiyar tashar FM ɗin nan da ake hangowa daga soronsa. Tashoshin FM suna zaune ne daga 88 zuwa 108 megahaz, jiragen sama kuma daga 118 zuwa 137, maƙwabtan juna ne sosai. Tasha tana watsa dubban wat ga ta a bayan gidanka, rediyon jirgi kuwa 'yan wat ne ƙalilan kuma yana can nisan kilomita ɗari ko fiye. LNA ɗin da ya saya mai faɗi ne, bai san wannan jirgi ne wannan talla ce ba, duk abin da ya shigo ƙara masa 20 dB yake yi, wato ninki ɗari. Kamar kana son jin raɗar mutum ɗaya a tsakiyar Kantin Kwari sai ka bi kowa da kowa ka miƙa masa lasifika. Ita kuma RTL-SDR asalinta fa abin kallon talabijin ce a kwamfuta, sai wajen 2012 masu bincike suka gano za a iya mai da ita sikana mai lalubo siginonin rediyo, cif ɗin cikinta RTL2832U da bit 8 kawai yake auna sigina, matakai 256 ke nan, to in ƙaton sigina ya cinye matakan ina ƙaramin zai samu wuri? Sai ta shaƙe ta fara haifar da siginar ƙarya. Na ɗauki biro na rubuta masa a bayan kwalin: in akwai tasha a 107 wata a 92, ninka 107 sau biyu ka cire 92, 122 ke nan, ga ta ta faɗo tsakiyar zangon jirage alhali babu wanda ya watsa komai a wurin. Cikin na'urar aka ƙirƙire ta.

Ya ce shi bai yarda ba. Na ce to ja gain ɗin, wato ƙarfin da na'urar ke ƙara wa sigina, ƙasa a manhajar ka gani. Yana ja, tallar ta ɓace ɓat lokaci guda, ba a hankali ba, kuma wannan ita ce alamar, don siginar gaske a hankali take raguwa, ta ƙarya kuwa faɗuwa take yi da sauri. Sannan muka mai da gain ɗin inda yake, na fito da filtar, mai toshe 88 zuwa 108, na sa ta gaban LNA ta ɓangaren eriya, ba bayansa ba, don in ka sa ta a baya shi LNA ɗin kansa ya riga ya shaƙe, datti ya riga ya haɗu. Allon ya washe tas. Ba a jima ba muka ji wani matuƙi yana kiran Kano yana faɗin tsayinsa, murya tar, har tsigar jikina ta tashi kamar kullum. Na juyo ina dariya ina jiran shi ma ya yi, sai na ga fuskarsa a ɗaure.

Ni dai na ci gaba da bayani don abin ya ɗebe ni. Na ce LNA ɗin nan wurinsa sama ne gindin eriya, ba kan tebur ba. RG-58 mai mita ashirin a wannan zangon yana cinye kusan 3 dB, rabin siginar ke nan ya tafi kafin ya iso ɗaki, kuma abin da ya nutse cikin hayaniya a hanya babu amfilifayan da zai dawo da shi. In ka ƙara ƙarfin tun a sama, asarar kebul ba ta da wani tasiri sosai. Wuta ma ba matsala ba ce, tunda RTL-SDR ɗinsa samfurin V3 ce, tana iya tura volt 4.5 ta cikin kebul ɗin, kunna bias tee, makunnin da ke tura wutar, kawai zai yi in LNA ɗin mai karɓa ne ta nan. Na ce kuma kebul ɗin dish, RG-6, da yake ko'ina a Sabon Gari, ya fi wannan rashin asara nesa ba kusa ba kuma ya fi araha, zancen wai ma'auninsa na lantarki om 75 ne ba 50 irin na RG-58 ba, a sauraro kawai bambancin bai kai a damu ba. Eriyar ma, maimakon 'yar telaskof ɗin da ya ɗaure da roba a jikin tankin ruwa, wayar tagulla mai tsawon kusan santimita 58 a tsaye, da ƙafafu huɗu masu tsawo ɗaya a karkace ƙasa, a ɗaga ta a kan bututu sama da kwano, za ta ba shi mamaki. Har na ce masa ya kashe inbata na minti ɗaya, ya kashe, hayaniyar ƙasan allon ta sauka muna kallo. Inbata, cajar waya ta arha, ƙwan LED, duk suna zubo ƙara, kuma LNA da su yake haɗawa ya ninka. A ƙarshe na faɗa masa abin da na yi imani da shi, cewa mu da muke cikin gari kusa da filin jirgi, a zangon murya filta da eriya mai kyau sun fi LNA amfani, shi LNA ya fi nuna kansa a 1090 megahaz wurin ADS-B, siginar da jirage ke sanar da inda suke da ita, inda kebul ke cin sigina da gaske.

Sai ya ce, "Kai dai Bashir duk abin da na saya sai ka kushe shi. Ba ka so in fi ka ne kawai."

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwa. Na ce haba Nura, ni? Ya ce eh, ai tun da ka fara gane abin nan kake magana kamar kai ka kawo shi gari. Na yi shiru. Na zare filtata a hankali, tallar basir ta dawo, na ce bari in je azahar ta yi. Bai raka ni ƙofa ba.

Abin da ke ci min rai shi ne Nura ne ya koya min wannan harka. Shi ya fara nuna min 'yar na'urar, shi ya gaya min murya a AM take ba FM ba lokacin da nake ta jin shuu kawai, shi ya ce in riƙa ajiye kunne a 121.5 don ita ce ta gaggawa a duk duniya, shi ya kafa mana doka tun farko cewa sauraro kawai muke yi, ba ma naɗa mu yaɗa ba ma tura komai sama. Tun muna yara muke kwanciya a tabarma ɗaya gaban rediyon babansa muna murɗa gajeren zango muna neman Landan da Jamus. Kuma shi ne yake cika baki da cewa mu 'yan Kano gadonmu ne sauraron sama, tunda a nan jirgi ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma har yau sararin samaniyar ƙasar nan da sunan Kano ake kiransa a taswirar matuƙa. In ya fi ni jin jirage ai ni riba ce, gidansa zan tare. Jirgin da ke tsayin mita dubu goma ana iya jin sa daga nisan kilomita ɗari huɗu in eriya na ganin sarari, kuma soronsa ya fi nawa buɗewa ta arewa, da an gyara masa da shi zai riƙa kamo masu ratsawa ta kan Nijar waɗanda ni gini ya tare min.

Na san kuɗin ne ke masa ciwo, kasuwa ba ta tafiya, ya daɗe yana tarawa, ya sa rai zai soka kawai duniya ta buɗe. To amma ni ban ce ya yi asara ba, cewa na yi a mai da shi wurinsa a sa masa filta. Da na yi shiru na bar shi ya sake zuba kuɗi a na biyu, 40 dB a kan na'urar da 20 ma ta shaƙe ta, wannan shi ne abota? Ban iya wannan ba gaskiya.

Abincin rana shinkafa da wake, ban ci na kirki ba. Ummi ta haddace sabuwar sura, ta karanta min sau biyu, wannan ya ɗan sanyaya min.

Bayan la'asar na biya shagon Baba Ado don karɓo fankar Maman Hanif, ba a gama ba, kwandensa ce. Ya ga fuskata ya tambaya, na ba shi labari ban faɗi maganar da ta yi zafi ba. Ya jawo wata tsohuwar rediyo daga kan kanta ya nuna min ɗan makunnin gefenta mai DX da Local, wato na nesa da na kusa, ya ce ka ga wannan, rage sigina kawai yake yi in tasha ta yi kusa, amma a shekarun da ya yi yana gyara kusan duk wadda aka kawo masa a DX yake samunta, ana kukan tashoshi na hawa kan juna. Ya ce in abokina ba shi da kuɗin filta, a yanko RG-58 kamar rabin mita, a maƙala shi a jikin layin da mahaɗi mai T a bar ƙarshensa a buɗe, zai danne wajen 98, tsakiyar zangon FM. Na ce Baba na sani, amma dannewarsa da faɗi, yana taɓa 118 ma. Ya ce ƙwarai, maganin wucin gadi ne, amma ya fi babu, a riƙa yanka kaɗan kaɗan ana kallon allo. Na ce to Baba, Allah ya ƙara girma.

Magariba, isha. Nura bai zo majalisa ba, Sadiku ya ce ya gan shi ya wuce a babur. Na rubuta masa saƙo na goge, na sake rubutawa na goge.

Na sa filtar a leda tare da ragowar RG-6 ɗin da ya rage min da mahaɗai biyu, gobe in Allah ya kai mu zan ba Hanif ya kai masa in za su wuce Islamiyya, ba tare da wani dogon bayani ba, ya gwada da hannunsa ba na tsaye a kansa. Ni zan zauna ba filta na kwana biyu, zan dai ja gain ƙasa, tunda unguwarmu da sauƙi. Dama ina tunanin komawa irin filtar da ke barin 118 zuwa 137 kaɗai ta toshe sauran duka, don mai toshe FM ɗin nan tana ɗan taɓa ƙasan zangon kuma ba ta hana sauran manyan siginoni na sama shigowa. In akwai wanda ya gwada biyun a cikin gari ya faɗa min wacce ta fi masa, kafin in sa kuɗina.